Daidaita Saitin Imel a Manhajojin Mujallun Ilimi: Abin Lura ga Mujallun Hausa a Katsina

Tsakure

Mujallun ilimi da dama suna komawa ga manhajojin da ke karɓar maƙala, su miƙa ta ga masu tantancewa, su kuma isar da hukuncin edita ga marubuci, duk ta hanyar imel. Wannan maƙala ta yi bayanin saitin da ake daidaitawa kafin irin wannan manhaja ta iya aikawa da karɓar saƙo, tare da la'akari da yanayin da sassan nazarin Hausa na birnin Katsina suke aiki a ciki. An bi hanyar da saƙo yake ratsawa, da bayanan da manhaja take buƙata, da shaidun da manyan kamfanonin imel suke nema kafin su amince da saƙo, sannan da matsalar baƙaƙe masu lanƙwasa. An nuna cewa ba kowane jinkiri ba ne sakacin edita ko na mai tantancewa, domin wani jinkirin yana tasowa ne daga 'yan layuka kaɗan da ba a cike daidai ba.

Fitilun Kalmomi: imel, manhaja, uwar garke, mujalla, baƙaƙe masu lanƙwasa, Katsina

1.0 Gabatarwa

Musayar wasiƙu tsakanin masana ba baƙon abu ba ne a Katsina. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Jalaluddin Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga sarakunan wannan yanki, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim. Wasiƙa irin wannan tana buƙatar abubuwa uku kafin ta yi amfani: manzon da zai kai ta, shaidar da za ta tabbatar da wanda ya rubuta ta, da kuma rubutun da zai isa ba tare da ya gurɓata ba. Waɗannan buƙatu uku ba su sauya ba, kayan aikin ne kawai suka sauya.

A yau birnin Katsina yana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wadda aka kafa a 2006 da sunan Jami'ar Jihar Katsina kafin a sauya mata suna a 2009, da Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Mujallar Himma ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana cikin jerin mujallun nazarin Hausa, tare da Algaita ta Kano da Harshe ta Zariya da Ɗunɗaye ta Sakkwato. Marubuta da masu tantance maƙalun irin waɗannan mujallu a warwatse suke cikin jami'o'i daban-daban, har da na ƙetaren iyaka kamar Maraɗi da Yamai.

Duk mujallar da ta koma intanet takan dogara da wata manhaja wadda ke tafiyar da aikin edita. Fitacciya daga cikinsu ita ce Open Journal Systems, wato OJS, wadda cibiyar Public Knowledge Project ta ƙasar Kanada ta samar, kuma ake amfani da ita kyauta. Da zarar an haɗa wannan manhaja da akwatin imel, ita ce ke rubuta wa marubuci shaidar karɓar maƙala, ta aika wa mai tantancewa gayyata, ta tunatar da shi idan wa'adi ya ƙarato. Idan haɗin ya samu tangarɗa, edita zai zaci mai tantancewa ya yi biris da shi, marubuci kuma ya zaci an jingine aikinsa, alhali saƙon bai ma bar gida ba. Ga malamin da ƙarin girmansa ya rataya a kan takardar amincewa da maƙala, wannan jinkiri yana iya jawo masa asarar shekara guda.

2.0 Hanyar da Saƙo Yake Bi

Adireshin imel kashi biyu ne, alamar @ ta raba su. Ray Tomlinson ne ya zaɓi wannan alama a 1971. Abin da ke gabanta sunan akwati ne, abin da ke bayanta kuma sunan gida ne. Gidajen manyan makarantun Nijeriya sukan ƙare da edu.ng, kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar duk sunayen da suka ƙare da ng. A wannan maƙala za a riƙa amfani da adireshin kwatance, wato mujalla@misali.edu.ng.

Manhajar mujalla ba ta kai saƙo ga mai shi da kanta. Takan miƙa shi ne ga wata kwamfuta da ke aiki dare da rana, wadda ake kira uwar garke ko saba. Ita kuma sai ta tambayi kundin sunayen intanet, wato DNS, wace uwar garke ce ke karɓar wasiƙun gidan da aka nufa. Amsar tana cikin wani layi da ake kira MX. Daga nan sai uwayen garken biyu su yi magana bisa ƙa'idar SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a 1982, aka kuma sabunta ta a 2008. Idan saƙo ya sauka, zai zauna cikin akwati har mai shi ya zo ya buɗe ta hanyar IMAP ko POP3 ko shafin intanet.

Abubuwa biyu ne suka kamata a riƙe daga wannan bayani. Na farko, aikawa daban, karɓa daban, kuma kowanne da nasa saitin. Manhaja tana iya aikawa lafiya ƙalau amma amsoshin su riƙa faɗawa inda ba mai dubawa. Na biyu, kowane saƙo yana ɗauke da sunan mai aikawa har sau biyu: ɗaya a bayan ambulan, wanda uwayen garke kaɗai ke karantawa, ɗaya kuma a goshin wasiƙar, wanda mutum yake gani. Rashin jituwa tsakanin waɗannan sunaye biyu shi ne tushen matsaloli da yawa, kamar yadda za a gani a kashi na 4.0.

3.0 Saitin Aikawa

3.1 Bayanai Biyar

A manhajar OJS, saitin imel yana cikin fayil mai suna config.inc.php, ƙarƙashin sashen email. Sunayen layukan sukan bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma bayanan da ake nema guda biyar ne a ko'ina.

Na farko shi ne sunan uwar garken da za ta karɓi saƙon, wanda ake rubutawa a layin smtp_server. Makarantar da Google ke riƙe wa imel za ta rubuta smtp.gmail.com, wadda take hannun Microsoft kuma smtp.office365.com.

Na biyu shi ne lambar ƙofa. Kamar yadda mai shigowa Katsina daga Kano yake da ƙofar da ta dace da shi, wanda ya fito daga Jibiya ma da tasa, haka kowace irin hulɗa take da ƙofarta a uwar garke. Ƙofa ta 25 ta hulɗar uwayen garke ce a junansu, kuma kamfanoni da yawa masu ba da hayar uwar garke sukan toshe ta domin daƙile masu watsa tarkacen saƙonni. Ƙofofin da suka dace da manhajar mujalla su ne 587 da 465.

Na uku shi ne nau'in lulluɓin da zai hana a karanta saƙo da kalmar sirri a kan hanya. A ƙofa ta 587 akan fara gaisawa a fili, sannan a ja lulluɓi da umarnin STARTTLS. A ƙofa ta 465 kuwa da lulluɓi ake farawa tun daga sallama. Saboda haka a layin smtp_auth na OJS, kalmar tls tana tafiya ne da 587, kalmar ssl kuma da 465. Idan aka haɗa su a karkace, manhaja za ta yi ta jira har lokaci ya ƙare ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba.

Na huɗu da na biyar su ne sunan shiga da kalmar sirri. Sunan shiga galibi cikakken adireshin ne, ba rabinsa na farko kaɗai ba.

Bayan waɗannan sai a kunna layin da ke umartar manhajar ta yi amfani da su. A tsofaffin zubin OJS akan rubuta smtp = On, a zubi na 3.4 da ya fito a 2023 kuwa akan rubuta default = smtp. Idan ba a yi haka ba, manhajar za ta yi ƙoƙarin aikawa kai tsaye daga kwamfutar da take zaune a kai, wadda ba lalle ne duniya ta san ta a matsayin mai aika wasiƙun makarantar ba.

3.2 Batun Kalmar Sirri

A da, kalmar sirrin da mutum ke buɗe akwatinsa da ita ta wadatar. Daga ranar 30 ga Mayu 2022 Google ya daina amincewa da hakan ga akwatunan Gmail na ɗaiɗaikun mutane, daga baya kuma dokar ta shafi akwatunan makarantu da ma'aikatu. Microsoft ma ya fara rufe wannan tsohuwar hanya ga IMAP da POP3 daga Oktoba 2022. Abin da ya rage shi ne ɗayan biyu. Ko dai a kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan a ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 domin manhajar kaɗai, ko kuma a bi tsarin OAuth 2.0, inda ake ba manhajar takardar izini maimakon kalmar sirri.

A nan akwai batun gudanarwa da ya fi na fasaha nauyi. Muƙamin edita na karɓa-karɓa ne, malami kuma yakan tafi hutun bincike ko ya sauya jami'a. Mujallar da aka ɗaura a kan akwatin wani mutum da lambar wayarsa za ta tsaya cik ranar da ya sauya kalmar sirrinsa, domin a tsarin Google sauya babbar kalmar sirri yana soke ƙananan da aka ƙirƙira a ƙarƙashinta. Abin da ya dace shi ne akwati da sunan mujallar, a ƙarƙashin sunan gidan makarantar, wanda sashe da cibiyar kwamfuta suka san da zamansa. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma iyakar adadi. Akwatin Gmail na kyauta ba ya wuce saƙo 500 a rana, na makarantu kuma 2,000. Mujallar da ta tura sanarwar neman maƙalu ga duk masu rajista a lokaci guda tana iya cinye rabonta na ranar, sai saƙonnin tantancewa da suka biyo baya su maƙale.

4.0 Shaidar Mai Aikawa

Ƙa'idar SMTP ta asali ba ta binciken gaskiyar sunan mai aikawa. Kowa yana iya rubuta sunan kowa a goshin saƙo, abin da 'yan damfara suka daɗe suna cin moriyarsa. Domin toshe wannan kafa aka samar da shaidu uku, waɗanda ake rubutawa a kundin DNS na makaranta, ba a cikin manhajar mujalla ba.

Ta farko ita ce SPF, wato jerin uwayen garken da makaranta ta yarda su yi aike da sunanta. Matsayinta kamar na sanar da jama'a sunayen manzannin fada ne. Layi ɗaya tak ake yarda gida ya mallaka, kuma binciken da ke cikinsa kada ya wuce 10. Idan aka samu layuka biyu, kamar a ce cibiyar kwamfuta ta rubuta ɗaya, kamfanin da ya gina shafin mujalla ya ƙara wani, to duka biyun sun ɓaci.

Ta biyu ita ce DKIM, wadda ta yi daidai da hatimi. Uwar garke tana buga wa kowane saƙo sa hannu da wani mabuɗi na sirri, ta kuma ajiye abokinsa a fili cikin DNS. Mai karɓa zai gwada su, ya tabbatar cewa saƙon daga gidan ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba.

Ta uku ita ce DMARC, wadda aka wallafa ƙa'idarta a 2015. Ita ce ke duba ko sunan gidan da ke goshin saƙo ya dace da wanda SPF ko DKIM suka tabbatar, ta kuma faɗi hukuncin saƙon da ya faɗi jarrabawa: a ƙyale shi, ko a jefa shi akwatin tarkace, ko a ƙi karɓarsa sam. Daga Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu. Google ya wajabta wa kowane mai aikawa SPF ko DKIM, wanda ke tura saƙo 5,000 ko fiye a rana kuma sai ya cika duka ukun.

Ga yadda wannan ya shafi mujalla kai tsaye. A ɗauka edita ya yi rajista a manhajar da adireshinsa na Yahoo, ya kuma rubuta wa mai tantancewa gayyata daga cikinta. Manhajar za ta sa adireshin Yahoo a goshin saƙon, alhali uwar garken makaranta ce ta aika shi. Tun 2014 Yahoo ya shelanta cewa duk saƙon da ya zo da sunansa ba ta hannunsa ba a ƙi shi. Don haka gayyatar ba za ta isa ba, kuma babu laifin edita ko na wanda aka gayyata.

Maganin yana cikin layuka huɗu na OJS. A kunna allow_envelope_sender, a rubuta adireshin mujalla a default_envelope_sender, sannan a kunna force_default_envelope_sender da force_dmarc_compliant_from. Da wannan, kowane saƙo zai fita da adireshin mujalla a ambulan da goshi, adireshin edita kuma ya koma gurbin da ake mayar da amsa. Mai tantancewa zai ga sunan edita, idan ya ba da amsa kuma ta tafi wurinsa.

5.0 Saitin Karɓa

OJS ba ta karanta akwatin imel. Amsar da aka mayar wa saƙonta tana tafiya ne akwatin mutum ko na mujalla, ba ta shiga tarihin maƙalar da ke cikin manhajar. Wajibi ne hukumar editoci ta san wannan, domin mai tantancewa da yawa zai fi jin sauƙin maido da rahotonsa ta imel maimakon shiga shafin. Idan ba a ɗora wa wani alhakin kwashe irin waɗannan rahotanni zuwa cikin manhajar ba, za ta ci gaba da nuna cewa ba a yi aikin ba. Wasu manhajojin kuwa, kamar Moodle ta koyarwa, suna iya shiga akwati su kwaso amsoshi da kansu, kuma su ma sai an ba su sunan uwar garke da ƙofa da lulluɓi da sunan shiga da kalmar sirri.

Hanyoyin karɓa biyu ne. POP3, mai amfani da ƙofa ta 995, bisa al'ada takan kwaso saƙo zuwa na'ura ɗaya ta share shi daga uwar garke, sai fa in an hana ta. IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986, mai amfani da ƙofa ta 993, takan bar saƙon a uwar garke, kowace na'ura ta ga abu guda. Ga akwatin da edita da mataimakinsa da sakatare suke tarayya a kai, IMAP ce ta dace. Da POP3, kwamfutar ofis ɗaya tana iya kwashe wasiƙun shekara guda, ranar da ta lalace kuma su tafi tare.

Wurin da uwar garken karɓa take zaune ma abin dubawa ne. Idan tana cikin harabar makaranta, to rayuwarta tana hannun wutar lantarki da janareta da layin intanet. Ƙa'idar SMTP ta tanadi cewa mai aikawa ya riƙa sake gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin ya haƙura, don haka ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i jinkiri kawai take jawowa. Dogon hutu ko yajin aikin da ya sa aka kashe na'urori na makonni kuwa yana nufin komawar wasiƙu ga masu su. Akasin haka, saƙon da ya riga ya sauka a akwati yana jiran mai shi komai daɗewa. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumba 2021 saboda matsalar tsaro, abin da ya yanke shi ne hanyar mutum zuwa akwatinsa, ba akwatin ba. A irin wannan hali wa'adin tantancewa ne ya kamata a tsawaita.

6.0 Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Wannan shi ne ɓangaren da ya keɓanta ga mujallar Hausa. An gina imel ne a kan tsarin ASCII mai alamomi 128, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa. Tsarin MIME na 1992 ne ya buɗe hanyar aika wasu haruffa da liƙa fayil, a shekarar kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wadda ke iya ɗaukar duk haruffan Unicode. A Unicode kowane baƙi yana da lambarsa: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4.

A UTF-8 kowane ɗaya daga waɗannan baƙaƙe bayit biyu yake ci. Idan saƙo ya fita bai bayyana cewa da UTF-8 aka rubuta shi ba, na'urar mai karɓa tana iya karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa bisa tsarin Yammacin Turai. Sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, kalmar ƙasa ta fito a matsayin Æ™asa. Wannan gurɓata tana gyaruwa, domin bayanan suna nan, karatun ne ya karkace. Wadda ta fi muni ita ce idan aka juya rubutun zuwa tsarin da ba shi da waɗannan baƙaƙe, inda kowannensu ke komawa alamar tambaya. A nan babu abin da zai nuna ko ɓ ce ko ɗ ko ƙ. Masanin Hausa ya san abin da ke tsakanin baki da baƙi, da fada da faɗa, da bata da ɓata, kuma a maƙalar tsarin sauti wannan bambanci shi ne maƙalar kanta.

Wurare uku ake dubawa. Na farko rumbun bayanan manhajar da layin da ke haɗa su, waɗanda dole su kasance a kan UTF-8. Na biyu ɓangaren da ke harhaɗa saƙon. Alal misali PHPMailer, wadda shafukan makarantu da yawa ke amfani da ita, tana zuwa ne a kan ISO-8859-1 sai an sauya ta da hannu. Na uku taken saƙo da sunan mai aikawa, waɗanda ke bin wata ƙa'ida ta daban ta 1996. Shi ya sa akan ga cikin saƙo ya fito daidai amma takensa ya dagule.

Alhamza ma tana da tata matsalar. Sunaye irin su Sa'idu da Asma'u da 'Yar'adua sukan fito da &#039; a gurbin alamar, idan aka ɗauki rubutun da aka shirya wa shafin intanet aka zuba shi a taken saƙo. Haka nan abokan aiki na Jamhuriyar Nijar suna rubuta ƴ inda ake rubuta 'y a Nijeriya, don haka gwajin da bai haɗa da ita ba bai cika ba.

Akwai kuma gadon tsofaffin zubin haruffa. Kafin Unicode ta yaɗu, zubi irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun yi wa rubutun Hausa gagarumar hidima. Dabarar irin wannan zubi ita ce aron gurbin wasu alamomi. Wasu sun ɗora baƙaƙen a kan q da x da v, wasu a kan alamomin baka. Idan aka kwafo irin wannan rubutu zuwa cikin imel, sai a ga qasa da xaya da vata. Babu saitin da zai gyara wannan, domin abin da aka buga ke nan tun asali. Sai dai mujalla ta shar'anta Unicode a ƙa'idojinta, ko a juya rubutun kafin a ɗora shi. Maƙalun da ke ɗauke da alamomin karin sauti da tsawon wasali, ko rubutun ajami, ya fi kyau a haɗa su da kwafin PDF wanda aka dasa zubin haruffan a cikinsa, domin mai tantancewa ya sami abin gwadawa.

Shi kuwa adireshin kansa, ko da yake tun 2012 akwai ƙa'idar da ta yarda da haruffan Unicode a cikinsa, manhajoji da yawa ba su karɓa. Hikima ita ce a bar lanƙwasa a sunan da ake nunawa, a rubuta adireshin da baƙaƙe marasa ita.

7.0 Gwaji da Kiyaye Amana

Ba a cewa saiti ya kammala sai an gwada shi. A aika saƙo daga cikin manhajar zuwa akwatuna uku, na Gmail da na Yahoo da na makaranta, a sa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ da manyansu da alhamza a take da kuma cikin saƙon. A buɗe asalin saƙon a duba ko SPF da DKIM da DMARC duk sun nuna an ci jarrabawa. A mayar da amsa a ga inda ta sauka. A liƙa babban fayil, tare da tuna cewa Gmail ba ya aika abin da ya wuce megabayit 25, kuma shirya fayil domin tafiya yana ƙara masa kusan sulusin girmansa.

Uwar garke tana ba da amsa da lambobi. Lamba 250 tana nufin an karɓa. Lamba 535 tana nufin an ƙi sunan shiga ko kalmar sirri. Lamba 550 tana nufin babu akwatin ko an ƙi saƙon. Duk lambar da ta fara da 4 matsala ce ta wucin gadi, wadda ta fara da 5 kuwa sai an yi gyara. Waɗannan rahotanni suna komawa ne ga adireshin da ke bayan ambulan, don haka dole a sami mai duba wannan akwati. Tarihin da manhaja ke ajiyewa yana nuna cewa ta miƙa saƙo ne kawai, ba ya tabbatar da isarsa. Saƙonnin tunatarwa kuma ba sa tashi sai an kunna ayyukan da ke bin agogo.

Daga ƙarshe akwai amana. Fayil ɗin saiti yana ɗauke da kalmar sirri a fili, don haka ba a tura shi ta WhatsApp ko imel. Sanarwar gama-gari a ɓoye adireshin masu karɓarta. Fayil ɗin Word yakan riƙe sunan wanda ya rubuta shi a cikin bayanansa, abin da ke iya tona asirin marubuci ko mai tantancewa. Sunaye da adireshin mutane kuma suna ƙarƙashin kariyar Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa haɗa manhajar mujalla da imel aiki ne mai rassa huɗu: saitin aikawa, da shaidar mai aikawa, da tsarin karɓa, da kiyaye haruffa. Biyu na farko suna hannun cibiyar kwamfuta, domin ita ke riƙe da uwar garke da kundin DNS. Na uku yana hannun hukumar editoci. Na huɗu kuwa sai masanin harshe ya sa ido, domin ma'aikacin da ya gwada saiti da saƙon Ingilishi zai ga komai lafiya. Ana ba da shawarar kowace mujalla ta mallaki akwati da sunanta, ta rubuta saitinta a takarda guda da za a riƙa miƙa wa sabon edita, ta kuma maimaita gwajin da aka bayyana a kashi na 7.0 kafin kowace sanarwar neman maƙalu da bayan kowane sabunta manhaja. Haka nan akwai buƙatar sassan nazarin Hausa su zauna su daidaita kalmomin wannan fanni, domin waɗanda aka yi amfani da su a nan, irin su sunan gida da ƙofa da lulluɓi, shawara ce da ke jiran tantancewar masana.